Me ke hana matasa samun aiki, kuma wace hanya ce ke rage matsalar?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan da na kammala karatu, na rarraba takarduna har na gaji, ko kiran ganawa ban taɓa samu ba. Manya suna cewa mu matasan yanzu ba ma son wahala, wasu kuma su ce laifin karatun ne, mu je mu koyi sana'a. Na ga an yi shirye-shiryen koyar da sana'a da rabon jari ba sau ɗaya ba, amma abokaina da suka shiga suna nan zaune tare da ni. Don Allah mene ne ainihin abin da ke kawo rashin aikin yi ga matasa, kuma wace hanya ce aka ga tana rage shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo maka buɗi. Shekara uku ana jiran kira ba ƙaramin abu ba ne, kuma tambayarka ta fi ƙarfin amsar "ku tashi ku nema" da ake yawan ba ku. Abu biyu kake son sani: me ya sa matashi mai lafiya, mai son aiki, yake rasa aikin, kuma me ya sa magungunan da ake ta gwadawa ba sa ci. Cutar ba ɗaya ba ce, uku ce. Ko dai ayyukan ne babu, ko akwai su amma matasan ba su iya ba, ko kuma akwai aikin, akwai wanda ya iya, amma ba su haɗu ba. A mafi yawan ƙasashe masu tasowa ta farkon ce babba, sai dai kuɗin gwamnatoci da na masu ba da agaji a kan ta biyu suke ƙarewa, domin tara mutane a aji ya fi gyara wutar lantarki sauƙi. Abin da ya zaunar da abokanka ke nan.

Wa ake kira marar aikin yi?

Sai mun fara sanin abin da alƙaluma suke aunawa, don a nan ake yawan ruɗewa. A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, matashi shi ne ɗan shekara 15 zuwa 24, kuma ba a lissafa shi marar aiki sai ya cika sharaɗi uku: bai yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ba a makon da aka tambaye shi, yana neman aiki da gaske, kuma in aka ba shi zai iya farawa. Da wannan ma'auni, a 2023 kashi 13 cikin ɗari na matasan duniya da ke cikin kasuwar aiki ne ba su da aiki, kusan mutum miliyan 65, kason da ya ninka na manya sau uku ko fiye.

Sharaɗin awa ɗayan nan yana ɓoye abu mai yawa. Talaka ba shi da halin zama babu aiki. Dole ta fitar da shi ya yi dako, ko talla, ko leburanci, sai a rubuta shi cikin masu aiki alhali abin da yake samu ba ya riƙe shi. Misali a fili shi ne Najeriya: a ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3, a farkon 2023 kuma ta ce kashi 4.1 ne. Ba ayyuka aka samar ba, ma'auni aka sauya. A da duk wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba ana sa shi cikin marasa aiki. Saboda haka idan ana son sanin halin da matasa suke ciki, a duba awa nawa suke aiki, nawa suke samu, da kuma yawan waɗanda ba sa aiki, ba sa karatu, ba sa koyon sana'a. Wannan rukuni na ƙarshe ya kai matashi ɗaya cikin biyar a duniya, kuma biyu cikin ukunsu mata ne, waɗanda sau da yawa ba a ma lissafa su cikin marasa aiki domin renon yara, ko rashin abin hawa mai aminci, ko hanin gida ya sa sun daina nema.

Cuta ta farko: ayyukan sun yi kaɗan

Lissafin a bayyane yake. Bankin Raya Afirka ya ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ke shigowa neman aiki a nahiyar duk shekara, ayyukan albashi masu tsari da ake samarwa kuma kimanin miliyan 3 ne kawai. Ko da kowane ɗayansu ya fito da sakamako mafi kyau, kujerun ba za su isa ba.

Me ya sa ba a samar da su? Mai masana'anta ko mai kamfani ba ya ɗaukar ma'aikaci don tausayi. Yana ɗauka ne idan masu saye sun ƙaru har hannuwan da yake da su sun kasa, kuma idan abin da sabon ma'aikacin zai kawo ya fi abin da za a kashe masa. Duk abin da ya tsadar da sarrafa kaya yana cin gurbin aiki: wutar da ba ta tsayawa har sai an ƙona man janareta, bashin banki mai ruwa da yawa da ba a bayarwa sai da jingina, haraji kashi-kashi daga hukumomi daban-daban, kayan da ke kwana a tashar jiragen ruwa, darajar kuɗi da ke hawa da sauka har mutum ya kasa tsara shekara guda, da rashin tsaro da ke hana zuwa gona ko kai kaya kasuwa. A irin wannan yanayi mai ma'aikata biyar yakan gwammace ya tsaya a biyar ɗin, don girma yana jawo masa idon masu karɓar haraji ba tare da ƙarin riba ba. Sai ka ga ƙasa cike da ƙananan sana'o'i na mutum ɗaya ko biyu, amma babu matsakaitan kamfanoni masu ma'aikata 50 ko 200, alhali su ne ke kwasar matasa.

Akwai kuma irin bunƙasar da ba ta haifar da aiki. Man fetur da ma'adinai suna kawo kuɗi mai yawa da hannu kaɗan, domin injuna ke yin aikin. Kwatanta da ɗinkin tufafi a Bangladash, wanda ke ɗauke da ma'aikata kusan miliyan 4, fiye da rabinsu mata. Shi ya sa za ka ji an ce tattalin arzikin ƙasa ya ƙaru da kashi kaza, amma ba ka ga wanda aka ɗauka aiki ba.

Game da maganar cewa ba kwa son wahala, ga abin da ya faru a Sifen. A 2007 rashin aikin matasa a can bai kai kashi 20 ba. Bayan rikicin kuɗi na 2008 da durƙushewar harkar gine-gine, a 2013 ya haura kashi 55. Matasan Sifen ba su zama malalata cikin shekara shida ba, kuma ba su manta abin da suka iya ba. Ayyukan ne suka tafi, kuma matashi ne farkon sallama, don shi ne sabon shiga, kwangilarsa ta wucin gadi ce, korarsa ba ta da tsada. Ba na musun akwai malalaci a kowane zamani, amma lalaci ba ya bayyana matsalar da ta shafi miliyoyi lokaci guda.

Cuta ta biyu: karatun da bai dace da aiki ba

Masu ɗora laifi kan karatu suna da rabin gaskiya. Ɓarnar tana farawa tun daga tushe: Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Wanda bai iya karanta umarnin da ke jikin inji ba, ko lissafin awo da ragi, horon wata uku ba zai mai da shi ƙwararre ba.

Daga sama kuma matsalar wata ce dabam: makarantu suna yaye mutane don aikin ofis ɗin gwamnati da ya daina faɗaɗa. A farkon shekarun 1960 Masar ta yi wa duk wanda ya gama jami'a alƙawarin aikin gwamnati. Ɗalibai suka yi ta tururuwa, layin jira ya yi ta tsawo har ya koma na shekaru, daga baya alƙawarin ya mutu, amma burin bai mutu ba. Har yau a Masar da Tunisiya rashin aiki ya fi yawa a tsakanin masu digiri fiye da waɗanda ba su yi nisa a karatu ba. Jiran ba wauta ba ne: aikin gwamnati yana da fansho da tabbas, na kamfani mai zaman kansa sau da yawa ba shi da ko takardar kwangila. Amma jiran yana da tsada, domin duk shekarar da ta wuce ba ka aiki abin da ka karanta yana dushewa, mai ɗauka kuma yana ƙara zargin akwai dalilin da ya sa wasu suka ƙi ka. An bi sawun matasa a ƙasashe da dama an ga wanda ya daɗe a zaune a farkon rayuwarsa albashinsa yakan kasance ƙasa da na tsararsa shekaru bayan ya samu aikin.

Cuta ta uku: ba a san ka ba

Wannan ce nake zargin ta fi damun ka, tunda ko kira ba ka samu. Sa kanka a wurin mai ɗaukar aiki. An tara masa takardu ɗari uku, duk da kwali iri ɗaya, kuma ya sha ganin mai kwalin da bai iya komai ba. Ba shi da hanyar bambance ku, ɗaukar wanda bai dace ba kuma hasara ce. Sai ya nemi ɗaya daga abu biyu: wanda ya taɓa aiki a wani wuri, ko wanda wani amintacce ya tsaya masa. Daga nan ne "sai kana da ƙwarewar shekara biyu" da "wa ka sani" suka samo asali. Akwai son kai da cin hanci a ciki, babu shakka, amma wani ɓangare tsoron hasara ne kawai, kuma wannan ɓangaren yana da magani mai araha.

Me ya sa koyar da sana'a ba ya cika yin tasiri?

A 2017 David McKenzie, masanin tattalin arziki a Bankin Duniya, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi wa shirye-shiryen koyar da sana'a a ƙasashe masu tasowa. Abin da ya fito shi ne, cikin kowane mutum 100 da aka ba horo, waɗanda suka samu aikin da ba za su samu ba in ba don horon ba ba su kai 3 ba, alhali ana kashe dala 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane mutum. Idan aka kawo min tsarin irin wannan shiri in duba, kurakuran kusan kullum iri ɗaya ne. An zaɓi sana'o'in ne bisa malaman da ake da su, ba bisa abin da kasuwa ke nema ba. Ana yaye teloli ɗari biyu a yankin da teloli ashirin suka ishe shi, sai su raba masu kawo ɗinki a tsakaninsu, kowa ya koma samun kaɗan. Horon gajere ne, mako biyu ko huɗu, a sana'ar da ke buƙatar shekara. Ana koyarwa da injin da masana'antu suka daina amfani da shi. Ana biyan mai horarwa bisa yawan waɗanda suka zauna a aji, don haka ba ruwansa da abin da ya same su bayan biki. Kayan aikin da aka raba kuma ana sayar da su, ba don rashin hankali ba, sai don an ba mutum inji ba a ba shi kuɗin haya da na sayen kayan farko ba.

Shirin da ke aiki daga ƙarshe yake farawa. A fara zuwa wurin masu ɗaukar aiki a tambaye su wane gurbi suka kasa cikawa a wata shida da suka wuce, mutum nawa, kuma nawa za su biya. A horar da adadin da ya yi kusa da wannan. Horon ya kai wata shida ko fiye, aƙalla rabinsa a wurin aiki na gaske. A ba ɗalibi kuɗin mota, don rashinsa ne ke korar talakawa a tsakiyar horo, a kuma tanadi wurin ajiye yara in ana son mata su gama. Wata hukuma dabam, ba wadda ta koyar ba, ita za ta yi jarrabawa ta ba da shaida. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin mai horarwa sai an tabbatar ɗalibansa suna aiki suna samun kuɗi bayan wata uku da wata shida, kamar yadda wani asusun samar da aiki a Nepal ya riƙa yi tun 2008.

Jamus ake yawan ba da misali da ita, kuma ta cancanta. Matashi yana ƙulla kwangila da kamfani, yana kwana uku ko huɗu a wurin aiki, ɗaya ko biyu a makaranta, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kamfanin yana biyan shi, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ne ke shirya jarrabawar ƙarshe, a sana'o'i sama da 300 da doka ta amince da su. Rashin aikin matasa a can yana kusa da kashi 6. Amma ƙarfin tsarin yana wurin kamfanonin da ke buƙatar ma'aikatan har suke biyan kuɗin koyar da su. Ƙasar da ta kwafi ajin ba ta da kamfanonin ba za ta ga irin sakamakon ba. Inda ba su da yawa, abin da ya fi dacewa shi ne a gyara koyon sana'a a hannun maigida da aka riga aka saba da shi: a rubuta yarjejeniya mai wa'adi, a sabunta ilimin maigidan kansa, a ƙara wa yaran karatu da lissafi, a ba su shaidar da za a karɓa a wani gari.

Jari, tallafin albashi da aikin gayya na gwamnati

Rabon jari yana taimako, amma a san iyakarsa. A arewacin Yuganda a 2008 an ba ƙungiyoyin matasa da suka rubuta tsarin sana'a kimanin dala 380 kowane mutum, kyauta. Bayan shekara huɗu suna samun kashi 38 fiye da waɗanda ba a ba su ba. Bayan shekara tara waɗanda ba a ba su ba sun kamo su. Jarin ya gaggauta musu tafiya, bai sauya girman kasuwar da suke ciki ba. Shirin YouWiN da Najeriya ta fara a 2011 ya bi wata hanya: gasar tsarin kasuwanci, waɗanda suka ci aka ba su kimanin dala 50,000 kowanne, kashi-kashi bisa cika sharuɗɗa. Bayan shekara uku, yiwuwar su kai ma'aikata 10 ko fiye ta ɗara ta takwarorinsu da sama da maki 20 cikin ɗari. Ra'ayina shi ne wannan hanyar ta fi dacewa da matsalar, domin ba kowa ne ɗan kasuwa ba. Yawancin matasa albashi mai tabbas suke so, kuma ba laifi ba ne. Ɗaga mutum ɗaya da zai ɗauki goma ya fi tilasta wa goman su zama 'yan kasuwa.

Biyan wani ɓangare na albashi don kamfani ya ɗauki matashi yana aiki ne muddin ana biya. A Jodan a 2010 an ba 'yan mata da suka gama kwaleji takardar da ke biya wa mai ɗaukar su mafi ƙarancin albashi na wata shida. Samun aikinsu ya tashi sosai, da wa'adin ya ƙare kuma yawancin ribar ta zube. Aikin gayya na gwamnati, irin dokar Indiya ta 2005 da ta ba kowane gidan karkara damar aikin kwana 100 a shekara, yana tsare mutane daga yunwa a lokacin rani, amma ba ya zama sana'a. Abin da Tarayyar Turai ta ɗauka a 2013 ya fi kama jijiyar matsalar: kada matashi ya wuce wata huɗu a zaune ba a miƙa masa aiki, ko horo, ko komawa karatu ba, don kada zaman ya yi tsawon da zai bar tabo.

Duk waɗannan rage zafi ne. Abin da ya taɓa kwashe miliyoyin matasa a Koriya ta Kudu, Sin da Biyetnam shi ne noma da ya fara ba da riba, sannan masana'antu masu buƙatar hannu da yawa da ke sayarwa a kasuwar duniya, tare da wuta, hanya da tashar ruwa da suke aiki. A ƙasar da yawancin mutane ke karkara, ayyuka da yawa suna tsakanin gona da mai ci: ban ruwa, gyaran injuna, adanawa, sanyayawa, sarrafawa da sufuri. Kuma ingancin aikin yana da muhimmanci. A wani gwaji a masana'antun Habasha, fiye da uku cikin huɗu na waɗanda aka ɗauka sun bar aikin kafin shekara, saboda ƙarancin albashi da haɗarin lafiya. Abin da ya yi aiki a wata ƙasa ba lallai ya yi daidai a wata ba, shi ya sa kowane shiri ya kamata a fara shi da kaɗan, a bi sawun waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba, kafin a faɗaɗa.

Abin da kai za ka iya yi yanzu

Ba zan ɓoye maka ba, abin da mutum ɗaya zai yi yana matsar da shi gaba a layi ne, ba ya rage tsawon layin. Duk da haka yana da amfani. Matsalarka ita ce ba a san abin da ka iya ba, to ka samar da shaida. A Afirka ta Kudu an gwada haɗa takardar neman aiki da wasiƙar shaida daga wanda mutum ya taɓa yi wa aiki, sai kiran da ake samu ya ƙaru da kusan kashi 60. A Addis Ababa, matasan da aka koya wa rubuta takardar neman aiki da amsa tambayoyin ganawa, aka kuma gwada basirarsu aka ba su shaida, bayan shekara huɗu suna samun kusan kashi 25 fiye da sauran.

Don haka ka daina rarraba takarda iri ɗaya ko'ina. Zaɓi fanni ɗaya ko biyu, ka tattara sanarwar guraben aiki ashirin a fannin, ka rubuta abubuwan da suke ta maimaita nema, ka ga wanne ne ba ka da shi, ka koye shi. Nemi wurin da za ka yi aiki ko da na wata uku zuwa shida ne da ɗan alawus, amma ku yi magana tun farko kan wa'adi da abin da za a koya maka, kuma kada ka fita sai da wasiƙa mai ɗauke da aikin da ka yi dalla-dalla da lambar wanda za a kira a tambaya. Ka fi mai da hankali kan matsakaitan kamfanoni, inda za ka iya ganin mai yanke shawara ido da ido. Kada ka biya kowa kuɗi don ya sama maka aiki. In kuma sana'a za ka koya, kafin ka biya kuɗin horo ka je wurin mutum biyar da suke yin ta, ka tambaye su ko aiki yana yi musu yawa har suna mayar da wani, sannan ka tambayi makarantar ɗalibanta nawa na bara suke aiki yanzu, ta haɗa ka da biyu ko uku daga cikinsu ka ji daga bakinsu.